Furshin kekena: in na cika iska hannu ya sage, in na rage ya buga ƙasa

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'a, ya muka ji da zafi. Don Allah masu VTT, wato keken hawan duwatsu, ku taimaka mani da shawara don abin ya fara isata. Keken da yayana ya aiko mani daga Faransa ne, okaziyo ne amma da sauransa sosai, furshin gaba, wato shokozoban da ke riƙe tayar gaba, RockShox Pike ne na iska mai lotsawa har milimeta 140. Ni kuma kun san ni ba ƙaramin mutum ba ne, kilo 94 na auna a farmasi satin da ya wuce. To in na sa mishi iska 110 psi a awon pompo sai ya zama kamar taɓarya, hanyar laterit mai gargada kilomita biyar kawai zan yi in ji yatsuna sun sage har ba na jin birki, in kuma na rage zuwa 75 sai ya yi laushi mai daɗi amma da na sauko daga kan dutse ko na faɗa ramin da ruwa ya ci sai in ji ƙwas!! ƙarfe ya haɗu da ƙarfe har cikin haƙorana. Jiya a duwatsun bayan Birni sau uku ya yi mani haka. Na ga a YouTube ana maganar wata 'yar roba da ake sawa ciki wai tokin, shin gaskiya ne tana magani ko dai cin kuɗi ne na Turawa?

Ɗan Kabu-kabu:
Hhhhh babban yaya, kilo 94 ai ba keke ne da laifi ba, tuwo ne. Ka rage malmala ɗaya da dare ka ga in furshi bai daidaita ba

Ɗan Birni:
Kai yaro ka kiyaye ni, kai da ko pompo ba ka da shi

Bakaniken Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Kafin mu je ga roba, tambaya ɗaya: in ka hau keken ka tsaya cak, milimeta nawa yake lotsawa? Akwai wani ɗan zoben roba a jikin sandar furshin, wadda take shiga tana fita. Ka jingina da bango ko wani ya riƙe maka gido, ka hau da takalminka da gorar ruwanka da duk abin da kake fita da shi, ka miƙe tsaye kan feda, ka ɗan girgiza shi sau biyu uku, sannan a tura zoben ƙasa ya taɓa bakin roba, ka sauka a hankali kar ka danna. Sai ka sa mita ka auna. Shi ne abin da suke kira sag. Ba a maganar tokin sai an san wannan.

Ɗan Birni:
Maigida na auna yanzu a zaure, ɗana ya riƙe mani. A 110 milimeta 11 ne kawai. A 75 kuma 44.

Bakaniken Sabon Gari:
To ka gani. Duka biyun ba daidai ba ne, ka bar tsakiya ka kama gefe da gefe. A furshin gaba ana son lotsawar nan ta kasance kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na tafiyarsa, naka mai 140 ke nan milimeta 21 zuwa 28. A 110 ka kashe shi, ba ya jin ƙananan duwatsu sam, shi ya sa hannunka ne ke shanye duk gargadar. A 75 kuma tun kana tsaye ka riga ka cinye kusan kashi ɗaya cikin uku, me ya rage maka na faɗawa rami? Ka gwada wajen 90 ka sake aunawa. Kuma in kana ƙara iska kar ka zuba gaba ɗaya, ka sa kaɗan ka danna furshin sau biyar shida, ka ƙara, saboda ɗaki biyu ne a ciki, na sama da na ƙasan fisto, akwai wani ɗan lotsi a jikin bututun inda iskar ke ratsawa su daidaita. In ba ka danna ba lambar da pompo ya nuna maka ƙarya ce.

Ɗan Birni:
90 ya ba ni 26. Bari in fita da la'asar in rana ta yi sanyi in gwada a wurin jiya

Na Kano:
Ku Damagarawa komai sai kun sa mishi sunan Faransanci, wai furshi wai amortisa. Shokozoba ne malam. Ni dai shawarata ka kai wa mai faci ya ɗura maka iska da injinsa ka huta

Bakaniken Sabon Gari:
A'a ɗan'uwa, wannan shawarar kar kowa ya ɗauka. Ɗakin iskar furshi bai kai kofin shayi biyu ba, kompresan mai faci an yi shi ne don taya, a ƙiftawar ido yake tura iska mai yawa kuma ba ka da yadda za ka ce ƙara mani 3 psi ko rage 2. Kuma da ka cire bakin tiyo rabin iskar ta gudu. Pompon furshi daban ne, siriri ne, yana kai wa 300 psi, kansa ana murɗa shi a kan balbul kuma yana rufe balbul ɗin kafin ya saki. Wannan fiss da kake ji in ka kwance shi iskar cikin tiyo ce ba ta furshi ba.

Na Kano:
To Allah ya ba da haƙuri maigida, ni nawa mai sifirin ne, tun da na saya ban taɓa ba shi iska ba bai taɓa roƙona ba

Ɗan Birni:
Na dawo. Gaskiya 90 ya fi, hannu bai sage ba sai can wajen dawowa. Amma a gangaren nan mai tsani uku, wanda kake sauka daga babban dutse ka faɗa kan yashi, ya sake bugawa. Ba da ƙarfi irin na jiya ba amma zoben ya haye har ƙarshe ya manne da kan furshin. Sau biyu.

Bakaniken Sabon Gari:
Yawwa. Yanzu ne maganar tokin ta taso. Lotsawa daidai, laushin farko daidai, amma ƙarshe ba ya riƙewa. Wannan ita ce cutar da aka yi robar dominta. Mushe yana nan? Ya zo ya yi mana lissafin don ni hannu na sani ba allo ba.

Mushen Lise:
Ina nan maigida, ina gyaran takardun yara ne ina leƙowa. Bon. Abin da ke faruwa a cikin furshin nan shi ne dokar Boyle-Mariotte da muke koya wa yara suna hamma, ashe ga ta a ƙarƙashin gidon kowa. Boyle ya fitar da ita a 1662. Cewa ta yi in ka matse iska a rufaffen wuri, in ka rage wurin da rabi ƙarfin turawarta zai ninka biyu. Duk wanda ya taɓa toshe bakin sirinji da yatsa ya danna ya san abin: da farko yana tafiya salin alin, can ƙarshe sai ya ƙi.

Bari in ba da misali da lambobi masu sauƙi, ba ainihin awon Pike ba ne, don a gane ne kawai, kuma na bar ɗakin ƙasa a gefe. A ce ɗakin sama yana cin 100, fisto kuma in ya tafi har ƙarshe yana cinye 70, saura 30. Ka fara da 80 psi. A wurin lotsawar zama, inda ya cinye 14, iskar ta zama 93. A tsakiyar tafiya 123. A ƙarshe 267.

Yanzu ka jefa roba mai cin 10 a ɗakin. Ɗaki ya koma 90, fisto dai 70 ɗinsa zai ci, saura 20. Ka fara da 80 ɗin dai. A wurin zama 95, wato kusan babu bambanci, 2 kawai. A tsakiya 131. A ƙarshe kuma 360!! Kun ga inda abin yake. Daga 267 zuwa 360 ba ka ƙara ko numfashi ɗaya na pompo ba. Shi kuma ƙara iska da Ɗan Birni ya yi zuwa 110, ko'ina yake taurarawa, farko da tsakiya da ƙarshe duk tare, shi ya sa ya sayi ƙarshe da kuɗin hannunsa.

Ɗan Kabu-kabu:
Mushe wallahi da haka ka koyar da mu a aji da ban bar lakkol ba

Mushen Lise:
Haka na koyar, kai ne kake bencin baya kana cin gyaɗa

Ɗalibin Jami'a:
Ni ban yarda gaba ɗaya ba, ku yi haƙuri manya. Mu nan Damagaram ina muke da tsalle? Bidiyon da muke kallo mutane ne ke faɗowa daga mita biyu uku a dazukan Turai da Kanada, su ne ke buƙatar ƙarshe mai tauri. Mu kuma kashi tara cikin goma na tafiyarmu yashi ne da gargada da ƙaya. Daga nan zuwa Mirya kilomita 18 ne, in ka bar kwalta ka bi ta gonaki sau nawa furshinka zai kai ƙarshe? Ni a ganina in zobe ya kai ƙarshe sau ɗaya ko biyu a fita guda ba laifi ba ne, ai don a yi amfani da 140 ɗin aka yi shi 140. In ka cika roba ka mayar da shi 110 ka biya kuɗin 140 a banza.

Bakaniken Sabon Gari:
Ɗana maganarka akwai gaskiya a ciki, rabinta. Zobe ya kai ƙarshe a hankali ba ka ji komai ba, wannan lafiya lau, haka ma ake so a babban bugu na ranar. Amma in ka ji ƙwas a hannu to wannan ba amfani da tafiya ba ne, duka ne, kuma ranar da ya yi maka haka a kan gangare taya na gaba ya tsaya cak kai ka wuce ta saman gido. Na ɗinke wa mutane keke da yawa, haƙori ne ban iya mayarwa ba. Yayanka kilo 94 ne yana sauka tsanin dutse, kai kilo nawa ne?

Ɗalibin Jami'a:
61 maigida 😅

Bakaniken Sabon Gari:
To ka ga ba rigarku ɗaya ba.

Ɗan Birni:
To na yarda ina son robar. A ina zan same ta? Na zaga Kasuwar Dole da safe wajen masu kayan keke, wani ya miƙo mani robar birki, wani ya ce in dawo jibi za a kawo daga Kano alhali na ga a idonsa bai san me nake faɗa ba

Na Kano:
Ko a nan sai an sha wuya, galibi sai dai a yi oda ta intanet a jira. Abin da bai kai murfin kwalba biyu ba kuɗin kawo shi ya fi kuɗinsa

Ɗan Kabu-kabu:
To ba wuri kawai ake son a cike ba? A yanka tsohon silifa a cusa mana. Ko a zuba giris cokali biyu. Mu a moto haka muke dabara

Mushen Lise:
A lissafi kam ba ka yi ƙarya ba, duk abin da iska ba ta matse shi zai rage ɗakin, mai ko giris ko roba mai tauri. Amma silifa soso ne, cike yake da ƙananan ramuka na iska, a 200 psi zai lotse ya zama ba komai, ga shi zai rinƙa marmashewa.

Bakaniken Sabon Gari:
Maganar giris da mai, tsofaffin masu keke sun yi ta kafin a fara yin robar, ba sabon abu ba ne. Amma ni na buɗe wanda aka yi wa haka na ga abin da ya biyo baya. Wani ne ya kawo mani nasa bara, ba zan faɗi ko wane ne ba yana cikinmu yana karantawa, furshin ya shige ciki ya ƙi fitowa, keken ya durƙusa kamar raƙumi za a yi mishi lodi. Da na buɗe sai na tarar giris ɗin da ya ɗura, irin baƙin nan na mota, zafi ya narkar da shi ya gangara ya toshe ɗan lotsin da na faɗa maku, ya kuma cika ɗakin ƙasa. Iska ta shiga ƙasa ta kasa dawowa sai ta rinƙa janyo furshin ciki. Yini guda na yi ina wankewa. Robar gaskiya a jikin murfin sama take ɗaure, ba ta yawo, ba ta narkewa, kuma ka san ko nawa ka sa, in bai yi maka ba ka cire ɗaya. Giris cokali biyu in ya shiga ta yaya za ka cire rabin cokali?

In dole ce dole, gara a kai wa mai injin tur ya fere ta daga farar roba mai tauri da zarenta daidai, amma sai da ta asali a hannu a kwaikwaya, kuma kar tsawon ya wuce. Kowane furshi akwai iyakar adadin da kamfani ya ce, ya danganta da tsawon tafiyarsa, in ka wuce fisto zai je ya daki robar.

Wani daga Garin Malam:
Maigida ai da ka faɗi sunana kawai, kowa ya gane 😂 na tuba

Ɗalibin Jami'a:
Yaya Ɗan Birni tsaya, ni nawa Fox 34 ne kuma na taɓa buɗewa akwai guda uku kore a ciki, ni kuma zobena bai taɓa wuce kashi uku cikin huɗu ba. In cire biyu in ba ka mana, kowa ya huta

Bakaniken Sabon Gari:
Niyya mai kyau amma ba za su shiga ba. Na Fox 34 kore ne, kowane yana cin santimeta kib 10, kuma maƙala su ake yi ɗaya a jikin ɗaya su kama. Na RockShox murɗa su ake yi kamar noti, da kile alen 8, kuma su ma kala biyu ne, akwai na furshi mai sanda 32 akwai na mai sanda 35. Pike 35 ne. Amma kai dai ka cire ɗaya a naka ko ba don kowa ba, kai ne ma ka kawo hujjar da kanka ɗazu ka zauna a kan roba uku da kilo 61.

Ɗalibin Jami'a:
Kai, na harbi kaina 🙈

'Yar Zango:
Salamu alaikum, tun jiya nake binku ban sa baki ba. Ni keken da nake hawa da asuba kafin in tafi aiki na ƙanena ne da ya tafi Yamai ya bar mani, a jikin furshin an rubuta RockShox Revelation, na sa mita a kaurin sandar ya ba ni 35. Ni kilo 55 ce. Matsalata kishiyar ta Ɗan Birni ce sak. Na bi abin da maigida ya faɗa, na ari pompo na daidaita lotsawar ta zo daidai a wajen 50 psi, amma duk abin da zan hau zoben nan ba ya wuce wani wuri, kullum saura kamar faɗin yatsu uku a sama wanda ƙura ce kawai ke kwanciya a kai. In na faɗa rami sai in ji ya tafi ya tafi sai kuma ya ci karo da bango tun bai kai ko'ina ba, kafaɗuna su amsa. Da na ɗauka haka keken yake. Ko nawa ma cike yake da robar nan?

Bakaniken Sabon Gari:
Hajiya alamar ke nan. Waɗannan kekunan okaziyo da ke zo mana, wanda ya hau su a can shi ya daidaita su da jikinsa da irin wasansa, mu kuma sai mu gaji saitin wani ba mu sani ba. Ki kawo shi gareji gobe, Ɗan Birni kai ma ka kawo naka, in Allah ya sa Revelation mai 35 ne to robarsu ɗaya da Pike. Ku zo da sassafe kafin iska ta taso da ƙura, ba na buɗe furshi a cikin guguwa.

Ɗan Birni:
Maigida ba zan iya buɗewa da kaina ba? Ina da kile amolet babba

Bakaniken Sabon Gari:
Ka ajiye amolet ɗin nan don Allah. Murfin alminiyom ne kuma bakin da kile ke kamawa bai fi kaurin sefa ɗari ba, da ka ja sau ɗaya ya suɓuce ka cinye kusurwar shi ke nan. Naka irin na da ne, duwi 24 yake so, wato kilen nan mai kamar kofi da ke rufe kan noti, kuma ko duwin ma ba kowanne ba, na kasuwa bakinsu a fafe yake ta ciki don ya shiga noti da sauƙi, to wannan fafewar ita ce daidai inda ya kamata ya kama. Ni na kai nawa wurin mai wasa wuƙa ya cinye bakin ya zama shafal, shi nake aiki da shi shekara da shekaru. Sababbin RockShox kuma da kilen kaset na taya baya ake buɗe su. Fox 34 duwi 26.

Abu mafi muhimmanci wanda ba wasa a ciki: a fitar da iska DUKA kafin a taɓa murfin. Da maɓallin pompo, a hankali, sannan a danna ƙwayar balbul a tabbatar babu saura. Murfi mai 90 psi a bayansa in ya kuɓuce fuskarka ce a saitinsa. Kuma a wanke kan furshin tas a goge kafin a buɗe, ƙwayar yashi ɗaya ta faɗa ciki ta karce bututu sai ka rinƙa cika iska kullum kamar mai ba jariri nono.

Mushen Lise:
Tun da za ku daidaita da sassafe bari in ƙara abu ɗaya da bidiyoyin can ba su cika damuwa da shi ba mu kuma ya shafe mu. Iskar da ke rufe tana ƙara ƙarfi da zafi. In ka sa 80 psi da asubar hunturu ana digiri 15, ranar da keken ya sha rana ya kai 43 zai nuna maka wajen 89. Kusan 9 ke nan daga sama ba ka taɓa komai ba. Saboda haka saitin Janairu ba shi ne na Afrilu ba, kuma wanda ya bar keke a rana tsakar gida ya zo ya hau ya ce furshi ya yi tauri, ba tokin ne ya yi yawa ba. A rinƙa aunawa a inuwa, a lokaci iri ɗaya, in ba haka ba za ka yi ta cirewa da sawa kana bin inuwarka.

Na Kano:
Zafin Damagaram har keke ma hawan jini yake sa wa

Wani daga Garin Malam:
Ni tambayata ta baya ce, nawa mai amortisa biyu ne. Shi ma na bayan ana sa mishi?

Bakaniken Sabon Gari:
Ana sawa, dabara ɗaya ce, sai dai shi gwangwanin iskar ake kwancewa a sa a ciki, wasu zobba ne wasu 'yar roba guda mai girma daban daban. Lotsawarsa kuma ta fi ta gaba, kashi 25 zuwa 30. Amma kai da ka ɗura giris a gaba kar ka kusanci na baya kai kaɗai, iskar cikinsa ta ninka ta gaba.

'Yar Zango:
Mun dawo daga gareji. Jama'a guda UKU maigida ya zaro daga nawa, jere a jikin murfi kamar tsiren nama, ruwan toka. Na Ɗan Birni kuma da aka buɗe wayam, ko ɗaya babu. Maigida ya cire biyu ya bar mani ɗaya. Na biyo ta hanyar da ruwa ya zaizaye a bayan unguwarmu da gangan, zoben ya haye har saura yatsa ɗaya, kuma bangon nan da nake ci karo da shi babu shi. Sai dai na ji kan keken yana ɗan nitsewa in na kama birkin gaba da ƙarfi, na ƙara 4 psi ya daidaita.

Ɗan Birni:
Ni kuma na so a zuba mani biyun gaba ɗaya maigida ya hana, wai ɗaya ɗaya ake yi, ɗayar tana aljihuna a ƙulle a leda. Na koma gangaren tsani uku sau huɗu ina hawa ina sauka har yaran da ke kiwon awaki a wurin suka taru suna ƙirga mani. A 90 ɗin dai. Ba ƙwas. Zoben ya tsaya saura kamar milimeta 8, a na huɗun da na saki birki gaba ɗaya ya kai saura 3 ban ji duka ba. Har na rage zuwa 87 don gargada. Hajiya Allah ya saka da alheri, nawa zan bayar?

'Yar Zango:
Haba yaya, abin da ke ba ni ciwon kafaɗa zan sayar maka? Ka dai bar mani aron pompo duk ƙarshen wata

Ɗalibin Jami'a:
To ta biyun fa, tun da ɗaya ta isa ai ka ga maganata ta fito, ba a buƙatar cikawa

Ɗan Birni:
Ba ta fito ba tukuna ƙanena, akwai wani dutse can gaba da ban taɓa yarda na sauka ba, in na gwada shi za mu san ko ɗaya ta isa

Bakaniken Sabon Gari:
Kafin ka je neman dutsen da zai karya ka, akwai abin da na gani jiya ban faɗa a gaban mutane ba amma bari in faɗa don kowa ya amfana. Da na danna furshinka babu iska a ciki sai da ya ɗan cije kafin ya motsa, kuma bakin robar ƙurar a bushe yake ƙamas. Man da ke ƙafafun ƙasa ya ƙare ko ya zama taɓo. RockShox cewa suka yi a canza shi duk awa 50 na hawa, kuma wannan lissafin ƙasar da ba ta san harmatan ba ne. Rabin sagewar hannunka daga nan take, ba tokin ɗin da zai gyara wannan. Sannan jan maɓallin da ke ƙasan ƙafar dama, mai saita saurin dawowa, na tarar an murɗe shi kusan ƙarshe wajen a hankali, a kan gargada furshin bai gama miƙewa ba wani tudun ya zo, sai ya yi ta shigewa yana taurara. Na buɗe maka shi ƙyas uku, ka ji yadda yake ka faɗa mani.

Ɗan Birni:
Ashe shi ya sa na ji dawowa ta fi sauƙi, na ɗauka duk aikin robar ne. To man fa, na moto zai yi?

Bakaniken Sabon Gari:
Ka kawo shi ran Asabar mu duba abin da nake da shi a kwalba. Ka zo da tsumma mai tsabta naka, nawa duk sun sha giris.

Ɗan Kabu-kabu:
Maigida in na zo da motona za a cusa mishi ɗayar da ta rage? Jiya buhun gero biyu da mai gero na ɗauko daga tasha, ƙwas ɗin da na ji har yanzu bayana bai saki ba